Shin Ba Rai Ba Ne? Amsa a Kan Tausayi da Alfarmar Rai

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 9 a bakin aiki. Kullum ina jin ana cewa rai yana da alfarma, halittu duka a sarƙe suke da juna, kuma tausayi shi ne ƙashin bayan addini. To amma muna yanka dabbobi, muna kashe sauro, shari'a ma tana yanke hukuncin kisa. Ni kaina, farkon fara aikina nakan yi kuka idan mara lafiya ya rasu, yanzu kuwa sai in rufe gawa in wuce wajen na gaba, ba na jin komai. Maganar nan gaskiya ce ko daɗin baki ne? Kuma zuciyata ta mutu ke nan?

Amsa: Malama, Allah ya ba ki ladan wannan aiki. Tambayarki biyu ce a haɗe, ɗaya ta ilimi, ɗaya kuma ta abin da ke damun ki a rai. Ta biyun ta fi nauyi, amma ba za ta warwaru ba sai an bi ta kan ta farkon, don haka ki yi haƙuri da ni in ɗan yi nisa kafin in dawo kanki.

Ki lura da yadda muke magana. Idan aka ga mutum yana zabga wa jaki bulala bayan ya durƙushe ƙarƙashin kaya, ko ya kori mara lafiya daga ƙofarsa, ba a cewa ba shi da ilimi, ba a cewa ba ya salla. Cewa ake yi, "Kai, wannan ba shi da imani." Wataƙila a sahun gaba yake salla, kuma masu faɗin haka ba kafirta shi suke yi ba. Abin da suke nufi shi ne, imanin da ya zauna a zuciya ba ya barin hannu ya yi wannan aika-aikar. Na daɗe ina karantar da ilimin ɗabi'u, ban samu bayanin da ya fi wannan gajarta da kama ma'ana ba.

A Larabci kalmar rahama daga haruffa 3 ta fito, ra da ha da mim, kuma daga su ne sunan mahaifa ya fito, wato rahim. A Ibrananci ma haka abin yake, tausayi da mahaifa tushensu ɗaya. Akwai hadisi ƙudsi wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, inda Allah yake cewa shi ne Arrahmanu, shi ya halicci rahim, kuma daga sunansa ya ciro mata suna. Ke kin fi ni sanin aikin mahaifa. Tana ɗauke da abin da bai roƙe ta ba, wanda ba zai iya biyan ta ba, wanda ba ta ga fuskarsa ba balle ta san halin da zai tashi da shi, tana ciyar da shi ta cibiya daga jinin uwarsa wata 9. Rahama ke nan a asalinta: ɗawainiya da rai tun kafin a tambayi ko ya cancanta. Surorin Alƙur'ani 114 ne, 113 daga cikinsu da Bismillahi suka buɗe, in ban da Tauba, kuma a cikin dukkan sunayen Allah, biyun da aka zaɓa a maimaita mana a can duk na rahama ne. Malaman hadisi kuma suna da wata al'ada mai kyau: hadisin da malami yake fara karanta wa ɗalibinsa kafin kowanne shi ne wanda yake cewa masu jinƙai Mai rahama zai ji ƙansu, ku ji ƙan waɗanda ke ƙasa, wanda ke sama zai ji ƙanku. Abin lura a nan, cewa aka yi waɗanda ke ƙasa. Ba a ware dangi ko ƙabila ko mabiya addini ɗaya ba.

To daga ina alfarmar rai take zuwa? Nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Suna ɗauka darajar mutum tana bin amfaninsa ne, ko hankalinsa, ko nagartarsa. In da haka ne, jaririn da aka haifa yau ba shi da daraja, tsohon da ya ruɗe ya rasa tasa, wanda ya yi dogon suma a gadon asibiti ya zama kaya. Alfarmar rai daga Mai bayar da shi take zuwa. Allah ya ce a Suratul Hijri aya ta 29 ya hura wa Adamu daga ruhinsa, ya kuma ce a Suratul Isra'i aya ta 70 ya karrama 'ya'yan Adamu, bai sa sharaɗi ba. Rai amana ne a hannun mai ɗauke da shi. Shi ya sa ba ki da ikon salwantar da naki, balle na wani. Malaman usulu, wato ilimin tushen fiƙihu, irin su Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, da suka tattara manufofin shari'a, sun sa kare rai a cikin larurori 5 tare da addini da hankali da nasaba da dukiya.

Hadisin da na fi so ki riƙe yana cikin Buhari da Muslim. Sahabbai biyu, Sahlu ɗan Hunaifu da Ƙaisu ɗan Sa'adu, suna zaune a Ƙadisiyya sai aka wuce da gawa, suka miƙe tsaye. Aka ce musu ai wannan ba ta Musulmi ba ce. Sai suka ba da labari cewa an taɓa wucewa da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe, aka ce masa ta Bayahude ce, ya ce: "Shin ba rai ba ne?" Malamai sun yi saɓani a kan ko hukuncin miƙewa ga gawa ya ci gaba ko an shafe shi, wannan bahasin fiƙihu ne. Dalilin da ya bayar kuwa babu wanda ya shafe shi. Bai tambayi halin mamacin ba, bai tambayi aƙidarsa ba. Abu ɗaya ya duba, rai ne. Kuma a Hajjin Bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, ya gaya wa dubban mutane cewa jininsu da dukiyarsu da mutuncinsu suna da alfarma irin ta wannan rana, a wannan wata, a wannan gari. Ya ɗauko abubuwa uku da babu wanda yake shakkar tsarkinsu a cikin masu sauraro, ya ce jinin mutum haka yake.

Na damu da wannan tambaya ta "shin ba rai ba ne" saboda duk kisan gilla da na karanta tarihinsa, sai da aka fara kashe ta a bakin mutane kafin a ɗauki makami. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi da sunan inyenzi, wato kyankyasai, kuma cikin kwana kusan 100 aka kashe mutum wajen 800,000, da yawa a hannun maƙwabtansu. Mutum ba ya iya sarar ɗan'uwansa da adda sai ya fara canza masa suna a zuciyarsa. Duk ranar da kika ji ana kiran wasu jama'a da sunan ƙwari ko dabbobi ko annoba, ki ji tsoro, ko da a bakin wanda kike girmamawa ne. Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta ce wanda ya kashe rai ɗaya ba da hakki ba kamar ya kashe mutane duka ne, wanda ya raya shi kamar ya raya mutane duka ne. A littafin Mishna na Yahudawa ma akwai magana mai kama da wannan. Hikimar a fili take: wanda ya halatta wa kansa jinin mutum ɗaya, katangar da ke kare kowa ce ya rushe.

Sai maganar sarƙewar halittu da juna. Bari in kawar da wani tsoro tukuna, domin na san akwai masu ɗari-ɗari da wannan batu. Ba ana nufin halitta ita ce Mahalicci ba, ko wani yanki nasa ya shiga cikin itace da dutse. Allah ya tsarkaka daga haka. Ana nufin Ubangijinsu ɗaya ne, tushensu ɗaya ne, kuma an tsara su ta yadda babu wanda yake tsaye shi kaɗai. Farkon Suratun Nisa'i ya ce daga rai ɗaya aka halicce mu. Suratul Anbiya aya ta 30 ta ce daga ruwa aka sanya kowane abu mai rai. Suratul An'am aya ta 38 ta ce babu dabbar da ke tafiya a ƙasa ko tsuntsun da ke tashi da fikafikansa face al'ummu ne irinku. Suratul Isra'i aya ta 44 kuma ta ce babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, ku ne dai ba ku fahimtar tasbihinsu. Wanda ya yarda da wannan aya da gaske, in ya ga tururuwa na jan ƙwayar hatsi, abokiyar ibada ya gani.

Masu binciken halittu sun zo ta wata ƙofar sun tarar da abu makamancin haka. Saƙon gado da ke cikin ƙwayoyin jikinki, wanda ake kira DNA, da haruffa 4 aka rubuta shi, kuma da waɗannan haruffa 4 ɗin aka rubuta na akuya da na ciyawa da na ƙwayar cutar da kike yaƙa. Kowane mutum biyu a duniya, komai bambancin fatarsu, saƙon nan nasu ya yi daidai da kusan kashi 99.9 cikin 100. Kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga wasu ƙananan tsirrai na cikin teku take fitowa, waɗanda ido ba ya ganin ɗayansu. Wanda bai taɓa ganin teku ba ma yana cikin masu cin moriyarsu.

Abin da ya fi karantar da ni shi ne abin da ke faruwa idan aka tsinka zaren. A 1958 hukumomin ƙasar Sin suka shelanta yaƙi da tsuntsun gwara saboda yana cin hatsi. Jama'a suka fito suna kaɗa tukwane da ganguna don hana tsuntsayen sauka, har suka riƙa faɗowa matattu saboda gajiya, aka farfasa ƙwayayensu, aka rushe sheƙunansu. Ashe gwara ba hatsi kaɗai take ci ba, tana cin fara da sauran ƙwari. Da ta ƙare sai ƙwari suka yi wa gonaki dirar mikiya, abin ya ƙara tsananta yunwar da ta kashe miliyoyin mutane tsakanin 1959 da 1961, duk da cewa yunwar tana da wasu dalilai da suka fi wannan girma. A 1960 aka cire gwara daga jerin abokan gaba. A Indiya kuma, cikin shekarun 1990, ungulaye suka riƙa mutuwa har fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'insu suka ɓace. Daga baya aka gano maganin diclofenac da ake ba shanu ne yake lalata musu ƙoda idan sun ci mushen. Da ungulu ta tafi, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru, har aka haramta ba dabbobi maganin a 2006. Ungulu ba ta da farin jini a wajen kowa, ga shi tana riƙe da lafiyar yaran da ba su san da zamanta ba.

Tsakanin mutum da mutum kuwa zaren ya fi haka kauri. Muslim ya ruwaito hadisi ƙudsi cewa ranar ƙiyama Allah zai ce, ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba. Bawa zai ce, yaya zan duba ka alhali kai ne Ubangijin talikai? Sai ya ce, ba ka san bawana wane ya yi rashin lafiya ba ka duba shi ba? Da ka duba shi da ka same ni a wurinsa. Malama, wannan wurin da aka ce za a sami Allah a cikinsa, nan ne wurin aikinki, safe da dare.

Yanzu ga abin da ya ɗaure miki kai. In rai yana da wannan alfarma, don me ake yanka?

Domin alfarma ba ta nufin ba a taɓa ɗaukar rai ko kaɗan. Tana nufin ba a ɗaukar sa sai da izinin Mai shi, da dalilin da ya yarda da shi, a gwargwadon buƙata, ta hanya mafi sauƙin raɗaɗi. An gina duniyar nan a kan rai yana rayuwa da rai, babu wanda ya kuɓuta daga wannan. Mabiya addinin Jain a Indiya sun kai maƙura wajen gudun cutar da mai rai, har wasu malamansu suna rufe baki da ƙyalle, suna share hanya kafin su taka don kada su murƙushe ƙwaro. Ina girmama wannan taka-tsantsan, amma gonar da ke ciyar da su ma sai da garma ta bi ta kan tsutsotsi. Albert Schweitzer, likitan da ya kafa asibiti a Lambarene ta ƙasar Gabon a 1913, wanda ya gina tunaninsa duka a kan girmama rai har ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1952, shi da kansa ya yarda cewa don ya ceci mara lafiya dole ya kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ya nace a kai shi ne mutum ya san nauyin abin da yake yi, kada ya wuce larura.

Ki dubi ƙa'idojin yanka za ki ga wannan nauyi. Me ya sa ake ambaton sunan Allah? Saboda ran ba naka ba ne, da izini kake ɗauka. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, an ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Malamai sun karhanta wasa wuƙa a gaban dabbar, da yanka wata a kan idon wata. An hana mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani annabi da tururuwa ta cije shi ya sa aka ƙone gidansu, sai Allah ya yi masa wahayi: don tururuwa ɗaya ta cije ka sai ka halaka al'umma guda mai tasbihi? Wata mata kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Addinin da ya halatta yanka shi ne ya faɗi waɗannan, kuma babu karo a tsakaninsu. Wanda ya cusa dabbobi a mota, wata kan wata, cikin rana, babu ruwa, ya yi tafiyar yini da su, ya ci amanarsu ko da daga baya ya yi Bismillahi a kan kowace.

Sauro ba ya buƙatar dogon bayani. Zazzabin cizon sauro yana kashe mutum wajen 600,000 a shekara bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mafi yawansu ƙananan yara. Kashe shi kare rai ne.

Ƙisasi shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Aya ta 179 a Suratul Baƙara ta ce a cikin ƙisasi akwai rayuwa gare ku, wato an sa shi ne don wanda ya yi niyyar kisa ya ja da baya, kuma don kada ramuwar gayya ta cinye dangi biyu. Ayar da ke gabanta ta buɗe ƙofar yafiya da diyya, ta kira hakan sassauci da rahama daga Ubangiji, har ta kira mai hakkin jini ɗan'uwan wanda ya yi kisan. Sannan aka kewaye hukuncin da sharuɗɗa masu tsauri, shaida tabbatacciya, alƙali, hukuma, da ƙa'idar cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Duk wannan wahalarwar don girman rai aka yi ta. Shi ya sa taron da zai far wa mutum a kan titi saboda wani ya yi ihun ɓarawo, su kashe shi ba bincike ba shari'a, babu abin da ya haɗa aikinsu da ƙisasi. Kisan kai ne, kuma yawansu ba ya raba musu zunubin ya zama ƙanana. Ko a fagen yaƙi, wasiyyar da Sayyidina Abubakar ya yi wa kwamandan da ya tura Sham, kamar yadda ta zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ta hana kashe mata da yara da tsofaffi, ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya da kashe dabbobi ba don ci ba.

To na dawo kanki, Malama.

Akwai abu biyu da muke haɗawa mu kira su tausayi. Na farko shi ne ciwon wani ya tsarga miki, ki ga allura ta shiga jikinsa ki ji tsikar jikinki ta tashi. Da wannan ake haifar mu, jariri ma yakan fashe da kuka in ya ji kukan wani jaririn. Na biyu shi ne ki so masa sauƙi, ki kuma tashi ki nema masa. Tania Singer, masaniyar ƙwaƙwalwa 'yar Jamus, da abokan aikinta sun gwada wannan: mutanen da aka horar da su a kan jin ciwon wasu kawai, damuwarsu ta ƙaru, sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da raɗaɗi suka motsa. Da aka horar da su a kan nufin alheri ga mai ciwon sai wasu sassan daban suka motsa, masu alaƙa da ƙauna da kusanci, ƙuncin kuma ya ragu. Na farkon yana gajiyar da mai shi, kuma wanda yake ganin ciwo kullum dole jikinsa ya rage masa kaifinsa, in ba haka ba ba zai kai shekara 9 yana aiki ba. Na biyun shi ne wanda ake nema a wurinki.

Ki bi labarin mutumin nan da kare a hankali, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Yana tafiya ƙishirwa ta tsananta masa, ya samu rijiya, ya shiga ya sha, ya fito. Sai ga kare yana lallage harshe, yana cin danshin ƙasa saboda ƙishirwa. Ya ce a ransa, ƙishirwar da ta same ni ita ce ta sami wannan kare. Ya sake komawa cikin rijiyar, ya cika huffinsa, wato takalminsa na fata, da ruwa, ya kama shi da baki saboda hannuwansa na aikin hawa, ya fito ya shayar da shi. Allah ya gode masa ya gafarta masa. Sahabbai suka ce, har a kan dabbobi muna da lada? Aka ce musu a kan kowace hanta mai danshi akwai lada, wato kowane mai rai. Ki duba, babu inda aka ce mutumin ya yi kuka. An faɗi abin da ya gane, an faɗi abin da ya yi. Ya gane ƙishirwarsu ɗaya ce, sannan ya ɗauki wahalar shiga rijiya karo na biyu da takalmi a bakinsa.

Na taɓa yin kwanaki ina jinyar wani ɗan'uwana a wani asibiti. A gadon da ke kusa da namu akwai wani dattijo da aka tsinto a hanya, ba ya magana, babu wanda ya zo nemansa. Akwai wata mai shara, ba ta da fara'a, ban taɓa ganin ta tsaya hira da kowa ba. Duk sanda ta iso gadonsa sai ta jingine tsintsiyarta, ta wanke hannu, ta jiƙa auduga ta goga masa a leɓe, ta ja mayafi ta rufe masa ƙafafun da suka buɗe, ta ce "Sannu, Baba," ta ɗauki tsintsiya ta ci gaba. Duka bai fi minti ɗaya ba. Fuskarta ba ta canzawa. Ranar da ya rasu ba ta yi hawaye ba, amma ita ta tsaya ta tabbatar an rufe shi da kyau kafin a fita da shi ta gaban mutane. Ban san abin da take ji a ranta ba. Na dai ga abin da hannunta ya yi.

Saboda haka kada ki auna zuciyarki da hawaye. Hawaye rahama ne, Manzon Allah ya zubar da su a kan jikansa da ke gargarar mutuwa, ya kuma ce wannan rahama ce da Allah ya sanya a zukatan bayinsa. Amma ɗaukewarsu ba hujja ba ce a kanki. Ƙeƙashewa ta gaskiya tana da alamunta. Ranar da sunan mara lafiya ya ɓace a bakinki ya koma "gado na shida" ko "mai ciwon suga ɗin nan", ranar da kika daka wa mai naƙuda tsawa, ranar da kika bar tsiraicin wanda ba zai iya rufe kansa ba a buɗe, ranar da saurin ƙafarki ya fara bambanta tsakanin mai hali da talaka, to a nan ne za ki tsaya ki binciki kanki da gaske. In ba ki ga waɗannan ba, abin da ke damun ki gajiya ce. In kuma kin ga wasu, ƙofar gyara a buɗe take, kuma tambayar da kika yi ita ce farkon gyaran.

Gajiyar ma kada ki raina ta. Ranki yana cikin rayukan da aka ba ki amana, kuma hadisi ya tabbatar da cewa jikinki yana da hakki a kanki. Ki karɓi hutunki in ya zo, ki samu abokiyar aiki da za ku riƙa faɗa wa juna abin da kuka gani, domin abin da aka binne a ciki ba ya ruɓewa da kansa. In kin ga barci ya ƙaurace miki, ko rashin jin komai ɗin ya bi ki har gida kan 'ya'yanki da mijinki, ko wasu abubuwan da kika gani suna dawo miki ba ki kira su ba, ki je wajen likitan da ya san wannan fanni. Sananniyar larura ce ga masu irin aikinki, kuma ana samun sauƙinta.

An ruwaito a Musnad na Imamu Ahmad cewa wani ya kai wa Manzon Allah kukan ƙeƙashewar zuciyarsa, sai ya umurce shi da ya shafa kan maraya ya ciyar da miskini. Da hannu aka ce ya fara, zuciya ta biyo baya. Ga naki aikin hannun. Gobe in wani ya cika a gabanki, kada ki nemi kuka, kada kuma ki zargi kanki in bai zo ba. Ki rufe masa ido da tattausan hannu, kamar yadda Manzon Allah ya rufe idon Abu Salama. Ki daidaita masa gaɓoɓi a hankali, domin an ruwaito daga Nana A'isha cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Ki suturta shi, ko wane ne shi, ko wane addini yake bi. Ki ambaci sunansa sau ɗaya a zuciyarki. In danginsa na waje, ki tsaya ki dube su ki gaya musu da kanki, kada su tsinci labarin a bakin masu wucewa. Sannan ki wanke hannu ki je wajen na gaba, yana can yana jiran ki.